Wace Takarda Coci Zai Ajiye, Har Zuwa Yaushe?

Duk ranar Lahadi in an tashi daga sujada, akwai mutum uku ko huɗu a kusan kowace majami'a da ba sa saurin tafiya gida. Sukan shige ɗan ɗakin da ke bayan bagadi, su zazzage jakar baiko a kan tebur, su ware 'yan dubu gefe, 'yan ɗari biyar gefe, tsofaffin 'yan hamsin da suka sha hannu su ma gefe, sannan su bi ambulan ɗin zakka ɗaya bayan ɗaya. Ma'aji ya rubuta jimla, dattawa biyu su sa hannu, a rufe littafi. In littafin ya cika sai a cusa shi a kabad tare da 'yan'uwansa, har ranar da kabad ɗin zai ƙi rufuwa, wani ya ce a fitar da tsofaffin a cinna musu wuta. Daga nan gardama ke tashi.

Wani zai ce ya karanta cewa shekara bakwai ce ƙa'ida. Wani ya ce ai kotu ta soke dokar tun 2023, saboda haka babu ruwan gwamnati da takardun coci. Na uku kuma, wanda ya fi kowa tsoro, ya ce kada a taɓa ko da ƙyallen takarda. Kowannensu ya riƙo wani yanki na gaskiya. Abin da ya rikita lamarin shi ne, a Najeriya babu wata doka guda da ta zauna ta jera takardun coci ta yanka wa kowace wa'adinta. Dokoki ne da dama, kowace ta shigo ta tata ƙofar: ta rajistar ƙungiyoyi, ta haraji, ta ƙwadago, ta aure, ta ƙasa, ta shaida a kotu, da ta kare bayanan mutane. Tambayar "shekara nawa?" ba ta da amsa sai an fara faɗin wace takarda ake nufi.

## Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

A bakin jama'a, coci ko majami'a ginin ake nufi, ikilisiya kuwa taron masu bi. Dokar rajista ba da waɗannan sunaye take aiki ba. Abin da ta sani shi ne amintattu masu rajista, wato mutanen da ƙungiya ta zaɓa, ta kai sunayensu Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, aka ba su takardar shaida. Daga ranar da takardar ta fito, amintattun sun zama jiki guda a idon doka. Suna iya riƙe fili da sunan ƙungiyar, su buɗe asusu a banki, su kai ƙara, a kai su ƙara, kuma mutuwar ɗayansu ba ta rushe rajistar.

Akwai abin da ake yawan mantawa a nan. A manyan ɗarikoki irin su ECWA, COCIN, EYN da LCCN, ƙaramar majami'ar ƙauye galibi ba ta da rajistar kanta, a ƙarƙashin inuwar hedikwata take. Nauyin doka yana wuyan amintattu a Jos ko Kwarhi ko Numan, amma takardun da za su kare kansu da su a ƙauye ake rubuta su, a hannun ma'ajin da wataƙila manomi ne ko malamin firamare mai ritaya.

Kalmar takarda ita ma ta faɗaɗa. Ta haɗa da rasit, wato shaidar biya ko karɓar kuɗi, da littafin rahoton taro, da saƙon banki da ke shigowa waya, da lissafin da ke cikin kwamfuta. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar abin da aka fitar daga na'ura, in an nuna yadda aka samar da shi. Odita shi ne ƙwararren mai binciken lissafi da ake ɗaukowa daga waje ya duba littattafai ya sa hannu. Wa'adin ajiya kuma mafi ƙarancin lokacin da dole a riƙe takarda ne. Cikarsa ba umarnin ƙonewa ba ne, izini ne kawai, kuma ba ga kowace takarda ba.

Duk da cewa coci ake magana a kai, rajistar da majami'u ke yi ita ce dai ƙungiyoyin Musulunci, kwamitocin masallatan Juma'a da ƙungiyoyin ci-gaban gari ke yi. Yawancin abin da ke tafe ya hau kansu su ma.

## Littafin coci ya girmi dokar gwamnati

Rubuta suna a littafi tsohuwar al'adar ikilisiya ce. A Ingila tun 1538 Thomas Cromwell ya umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma, aure da jana'iza, Majalisar Trent ta Katolika kuma ta wajabta littafin baftisma da na aure a 1563. Da wannan ɗabi'a 'yan mishan suka sauka a Patigi a 1902, Wase a 1904, Numan a 1913 da Garkida a 1923. Har gobe dokar cikin gida ta cocin Katolika, wadda aka sabunta a 1983, tana buƙatar kowace majami'a ta riƙe waɗannan littattafai, kuma a riƙa komawa shafin baftismar mutum ana ƙara rubuta aurensa ko naɗinsa firist. Littafi ne da ba a gama rubuta shi sai mai sunan ya kwanta dama.

Dokar tarayya da ta ɗora rajistar haihuwa da mutuwa a kan Hukumar Ƙidaya ta 1992 ce. Dattawa da yawa da aka haifa kafin nan ba su da wata rubutacciyar shaidar shekarunsu sai katin baftisma. Katin ba ya maye gurbin takardar haihuwa ta hukuma, amma in gardama ta tashi a kan shekaru ko nasaba, littafin da aka ciro shi daga ciki yakan zama abin komawa. Babu dokar gwamnati da ta yanka wa littafin baftisma wa'adi, kuma babu mai hankalin da zai yanka masa.

## Dokar CAMA ta 2020 da hukunce-hukuncen 2023

CAMA taƙaitaccen sunan dokar kamfanoni da ƙungiyoyi ne. Ta 1990 ba ta matsa wa amintattu sosai ba, abin da ta fi nema shi ne rahoton shekara. Wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta 2020 ta ƙara kaya. Sashe na 845 ya ce a riƙa miƙa wa CAC bayanin halin da ƙungiya ke ciki sau biyu a shekara. Sashe na 846 ya ce amintattu su tabbatar akwai littattafan lissafi da ke nuna kuɗin da ya shigo da wanda ya fita kullum, da abin da aka kashe shi a kai, da kadarori da basussuka, kuma a adana su shekara shida daga ranar da aka rubuta su. Sashe na 848 ya ce a shigar da rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, ɗauke da sunayen amintattu, bayanin filayen ƙungiya da lissafin da odita ya tantance.

Ba waɗannan ne suka fi tayar da ƙura ba. Sashe na 839 ne, wanda ya buɗe ƙofar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya, da sassan da suka shafi asusun bankin da ya shekara biyar ba a taɓa shi ba. Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, ta yi fatali da dokar, kuma zargin nata yana da tushe a abin da ya faru kafin nan. A 2016 hukumar FRC mai lura da rahoton kuɗi ta fitar da ƙa'idar da ta iyakance shugabancin irin waɗannan ƙungiyoyi ga shekara ashirin. A Janairun 2017 Fasto Enoch Adeboye ya miƙa jagorancin cocin RCCG na Najeriya ga Fasto Joseph Obayemi, bayan kwana biyu kuma gwamnati ta sauke shugaban hukumar, Jim Obazee, ta dakatar da ƙa'idar. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

A Maris 2023 Mai Shari'a Inyang Ekwo na Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a ƙarar da amintattun CAN suka shigar, ya hana CAC dakatar da amintattun majami'u ko naɗa musu wasu. A watan Afrilu kuma Mai Shari'a James Omotosho na wannan kotu, a ƙarar wani lauya, ya soke sashe na 839 da sassa na 842 zuwa 848, bisa hujjar cewa sun ci karo da 'yancin addini da na kafa ƙungiya da tsarin mulki ya tanada a sassansa na 38 da 40.

To, mai cewa kotu ta soke ba ƙarya ya yi ba, har ma sashen shekara shidan yana cikin waɗanda hukuncin ya shafa. Kuskurensa a abin da ya ɗora a kai ne. Babbar Kotu matakin farko ce, a samanta akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli, majalisa ma tana iya sake rubuta sashen da wata siga. Hukunci yana iya sauyawa, rasit ɗin da ya zama toka kuwa ba ya dawowa. Sannan hukuncin bai taɓa yawancin sauran sassan ba. Har yanzu ba a canza amintacce ko a gyara kundin tsarin ƙungiya sai da ƙudurin babban taro da rahoton zaman da aka yanke shi. Har yanzu sashe na 838 ya hana raba kuɗin ƙungiya ga membobi a matsayin riba. In wani ya tashi ya ce an raba, da me za a ƙaryata shi in babu littafi? A aikace kuma banki da masu ba da tallafi kan duba ko rajistar ƙungiya tana raye a shafin CAC kafin su yi hulɗa da ita.

## Haraji, albashi da asalin "shekara bakwai"

Maganar cewa coci ba ya biyan haraji rabin zance ce. Baiko, zakka da kyautar godiya ba a cire musu haraji, muddin ba daga ciniki suka fito ba. Amma in coci yana da shaguna a jikin katanga yana karɓar haya, ko ɗakin taro da ake biya, ko masaukin baƙi, ko gidan burodi, wannan kuɗin kasuwanci ne kuma hukuma tana da ta cewa a kansa. Yafewar ma sai an iya nuna cewa kuɗin daga inda aka ce ya fito, can ya fito. Cocin da ya zuba hayar shago da baikon Lahadi a shafi ɗaya ya wahalar da kansa tun kafin a tambaye shi.

Haka nan albashin fasto, mai bishara, sakatare da mai gadi albashi ne kamar na kowa. In ya kai mizanin haraji, coci ne zai cire ya miƙa wa hukumar harajin jiha, ya kuma shigar da bayanin shekara kafin ƙarshen Janairu. Ƙa'idar riƙe littattafan haraji aƙalla shekara shida bayan shekarar da lissafin ya shafa ta daɗe, kuma sababbin dokokin da aka sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2026 suka mai da hukumar harajin tarayya, FIRS, ta koma NRS, ba su jefar da ita ba. In ana zargin zamba ko ɓoye gaskiya da gangan, hukuma tana iya komawa baya fiye da haka.

Dokar Ƙwadago a sashe na 75 shekara uku ta nema ga bayanan albashi da sharuɗɗan aiki. Wannan gajeren wa'adi yana iya yaudarar mutum. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ma'aikata goma sha biyar zuwa sama ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba kashi 8, kuma ɗarikar da ke da makarantu da asibitoci ta wuce wannan adadi nesa. Rigimar fansho ba ta tashi sai mutum ya tsufa, wani lokaci ma matarsa ce za ta zo bayan ransa. Fayil ɗin ma'aikaci, wato jakar da aka tara takardar ɗaukarsa da ta ƙarin girma da ta canjin wurin aiki, ya kamata ya daɗe fiye da shekarun aikin mai shi.

Shekara bakwai ɗin da ake yawan ambata daga shawarwarin akantocin Amurka ta yaɗu ta intanet, kuma ko a can al'ada ce ta taka-tsantsan. Hukumar harajin Amurka galibi shekara uku take komawa baya, ta nemi a riƙe bayanan harajin albashi shekara huɗu, majami'u kuma an ɗauke musu cike fom ɗin shekara da sauran ƙungiyoyin agaji ke cikewa. A Ingila dokar ƙungiyoyin agaji ta 2011 shida ta ce. Duk da haka bakwai ɗin ba shirme ba ce ga ma'ajin Najeriya, don rasit ɗin Janairun 2020 sai ƙarshen 2026 zai cika shekara shida bayan shekararsa. Wanda ya riƙe bakwai bai yi asara ba, in dai ya san cewa takardun kuɗi kaɗai lissafin ya shafa.

Wani ƙaramin abu da ke da babbar illa: rasit ɗin na'urar POS. Siririyar takardar nan mai sheƙi ba da tawada ake buga ta ba, da zafi ne, kuma in ta sha zafin Afrilu a cikin kabad sai a ciro ta fara fat. Wanda bai yi mata kwafi ko ya ɗauki hotonta ba, farar takarda ya adana. Kada kuma a dogara ga banki har abada, domin dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 shekara biyar ce mafi ƙarancin abin da ta wajabta wa bankuna su riƙe.

## Takardun aure ba na coci kaɗai ba ne

A nan ne aikin fasto ya haɗu da na gwamnati kai tsaye. Dokar Aure, wadda asalinta na 1914 ne, ta yarda a ɗaura auren doka a wurin ibadar da aka ba lasisi, wato izinin hukuma a rubuce, ƙofa a buɗe, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, a gaban shaidu aƙalla biyu ban da mai ɗaurawa. Kafin ranar, sai ango da amarya sun kawo takardar magatakardan aure da ke nuna an yi sanarwar kwana 21 ba a sami mai ja ba. Takardar shaidar auren biyu ake cikewa a sa hannu: ɗaya a ba ma'aurata, ɗaya a aika wa magatakarda cikin kwana bakwai. Littafin da ake yago su daga ciki doka ta ce a kulle shi, in ya ƙare kuma a mai da shi ga babban magatakarda tare da guntayen da suka rage a jikinsa.

Ke nan littafin amana ne a hannun coci. In fasto ya manta bai aika kwafin ba, ko ya tafi da littafin sabon wurin aikinsa, ba za a ji ɗuriyar kuskuren ba sai bayan shekaru, ranar da gwauruwa za ta je neman haƙƙin mijinta, ko ma'aurata su nemi bizar tafiya, a ce su kawo tabbaci daga ofishin rajista a duba a rasa. Wannan ne dalilin da ya sa ya kamata coci ya riƙe nasa littafin aure na dindindin, da kwafin lasisinsa, da shaidar cewa an aika abin da aka ce a aika.

Ruɗani mafi girma shi ne tsakanin auren doka da sa albarka. Ma'auratan da suka yi auren gargajiya suka zo coci aka yi musu addu'a ba tare da takardar magatakarda ba, aurensu na gargajiya ne, komai kyan satifiket ɗin da cocin ya buga musu. Bambancin yana shafar rabon gado, da hanyar rabuwa, da batun ƙarin mace. Littafin coci da bai rarrabe wanne ne wanne ba yana iya jefa iyali cikin shari'ar da ba su san da ita ba.

## Fili: inda takarda ba ta tsufa

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Abin da mutum ko ƙungiya ke samu haƙƙin zama ne, wanda takardar da aka fi sani da C of O ke shaidawa, galibi na shekara 99, kuma sayar da irin wannan fili yana buƙatar amincewar gwamna. Takardar, da taswirar safiyo, da yarjejeniyar ciniki ko ta kyauta, da rasit ɗin kuɗin ƙasa na shekara-shekara, da izinin gini, babu wadda ke da ranar zubarwa.

Matsalar ita ce majami'u da yawa ba da sunansu aka sayi filin ba. CAN ta daɗe tana kukan cewa a wasu jihohin Arewa samun C of O don gina coci yana da wuya, wannan ya sa akan sayi fili da sunan wani dattijo amintacce, a bar yarjejeniyar a akwatinsa. Muddin yana raye lafiya lau. Ranar da ya rasu, 'ya'yansa suka buɗe akwati suka ga takarda da sunan mahaifinsu, magana ta canza. Wataƙila ba mugunta suka yi niyya ba, abin da suka gani a rubuce suka bi. A irin wannan hali abin da zai ceci ikilisiya shi ne rahoton taron da aka yanke shawarar sayen, da shafin littafin ma'aji da ya nuna daga baiko aka fitar da kuɗin, da wata rubutacciyar shaida daga dattijon cewa riƙo yake yi. Ga shi littafin kuɗi ne, wanda bisa lissafin shekara shida tuni ya cancanci wuta, amma shafi ɗaya a cikinsa ya fi katangar cocin daraja. Saboda haka kafin a zubar da kowane tsohon littafin ma'aji, sai a duba ko an sayi fili ko an yi gini a shekarunsa.

Kotun Ƙoli a shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar fili, ciki har da takardu, da ayyukan da ke nuna mallaka na tsawon lokaci, da daɗewar riƙo. Rasit ɗin bulo, hoton ranar aza harsashi da wasiƙar mai unguwa duk suna iya shiga nan. Dokokin jihohi kuma sun iyakance lokacin shigar da ƙarar fili, shekara goma a wasu, goma sha biyu a wasu, don haka kwanan watan da wani ya fara shiga iyakar coci abu ne da ya kamata a rubuta. Ko gwamnati ce ta karɓi filin don aikin jama'a, diyya a kan abin da aka iya nunawa ake biyanta.

Da zarar rigima ta kunno kai, duk wani wa'adi ya tsaya. Lalata takarda don kada ta je gaban alƙali laifi ne, kuma sashe na 167 na Dokar Shaida ya ba kotu damar ɗauka cewa shaidar da mutum ya ɓoye da ta fito da ta kayar da shi.

## Abin da riƙe shi ke iya zama laifi

Mai cewa kada a zubar da komai shi ma doka ta taka masa burki. Dokar Kare Bayanan Mutane ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta ce kada a riƙe bayanin mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsa don dalilin da aka karɓe shi. Ta sa addinin mutum da lafiyarsa cikin bayanai masu tsananin sirri. Ta yarda ƙungiyar addini ta riƙe irin waɗannan bayanai na membobinta da tsofaffin membobinta, da sharaɗin ta tsare su kuma kada ta fitar da su waje ba da yardar masu su ba. Bayanan yara sai da amincewar iyaye, in kuma bayanai suka fita ta hanyar da za ta cutar da masu su, awa 72 aka bayar a sanar da hukuma.

A duba abin da ke kwance a ofishin coci: takardun gwajin jini da ake nema kafin aure, rahoton zaman dattawa a kan wanda aka sa a horo saboda zina, sunayen gwauraye da marayun da aka ba hatsi, kwafin katin ɗan ƙasa na waɗanda suka je taron matasa shekara takwas da suka wuce. Sakamakon gwajin jini ya gama aikinsa ranar da aka yanke shawara a kan auren, barinsa a fayil ɗin da kowane sabon sakatare zai buɗe ba shi da hujja. A yankin da canza addini ke iya raba mutum da danginsa, jerin sunayen waɗanda aka yi wa baftisma ma abu ne da ake kullewa, ba a ɗora hotonsa a zauren WhatsApp ba. Cocin Katolika kansa, duk da son ajiyarsa, dokarsa ta ce a riƙa lalata fayilolin wasu shari'o'in ɗa'a in mai laifin ya mutu ko an shekara goma da hukunci, a bar taƙaitaccen bayani kawai.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta wanda ya bar coci ya ce a goge sunansa daga littafin baftisma. A Turai an sha wannan gardama, kuma ba a yi baki ɗaya ba. A 2023 hukumar kare bayanai ta Ireland ta ce Akbishop na Dublin yana da hujjar riƙe sunan, a ƙarshen wannan shekara kuma takwararta ta Beljiyam ta umarci cocin Ghent ya goge. Hanyar da majami'u da dama ke bi ita ce a bar abin da ya faru a rubuce, a ƙara a gefe cewa mai sunan ya fita, a cire shi daga jerin membobi da na aika saƙo.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu adawa da sa hannun hukuma suna cewa baiko tsakanin mai bayarwa ne da Allah, kuma gwamnatin da ta sami ƙofar duba littafi gobe tana iya amfani da ita ta rufe bakin mai wa'azin da ke sukarta. Suna ƙarawa da cewa ɗarikoki suna da nasu oditoci da majalisun gunduma tun kafin a haifi CAC. Masu goyon baya kuwa cewa suke yi rajista ba dole ba ce, wanda ya nemi kariyar doka da yafewar haraji ya karɓi sharaɗinsu, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daga cikin Kiristoci ma akwai masu tunatarwa cewa Manzo Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da wakilan ikilisiyoyi, don kada a sami abin zargi.

In aka lura da kyau, ɓangarorin biyu a kan wa zai duba littafin suke jayayya. Babu wanda ya fito ya ce kada a rubuta shi. Akwai kuma kuka na uku da ba a cika jin sa ba, na ƙananan majami'u masu zaman kansu, waɗanda baikonsu na wata bai kai kuɗin odita ba. Dokar da ta nemi abu ɗaya daga cocin mutum arba'in da na mutum dubu arba'in ta bar wannan giɓi a buɗe, kuma wannan suka tana da nauyi.

## Gara, gobara da akwatin dattijo

Abin da ya fi cinye takardun coci ba shawarar kwamiti ba ce. Gara ce, da yoyon rufi, da canjin fasto ba tare da rubutacciyar miƙa aiki ba, da tashin hankali. Ranar 29 ga Oktoba 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye Mubi da hedikwatar EYN da ke Kwarhi, shugabannin suka koma Jos na wani lokaci. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar kabad. Ba a fafe gora ranar tafiya: kwafin takardun fili, na rajista da na littafin baftisma da aure ya kamata a ce yana ofishin gunduma ko hedikwata tun ana zaman lafiya, hotonsu kuma yana ajiye a asusun intanet na cocin, ba a wayar sakataren da zai iya yin fushi ya tafi ba.

Sai dai hoto mataimaki ne, asalin takarda ya fi shi ƙarfi a gaban alƙali, kuma inda aka ajiye asalin yana da nasa tasiri. Sashe na 155 na Dokar Shaida ya ce takardar da ta kai shekara ashirin, in an fito da ita daga wurin da kotu ta ga nan ne ya dace a same ta, kotu tana iya ɗauka cewa sa hannun da ke jikinta na gaskiya ne ba tare da an nemo wanda ya sa ba. Yarjejeniyar filin da aka rubuta a 1985, shaidunta duk sun rasu, tana iya tsayawa da ƙafarta in daga ma'ajiyar cocin ko ta hedikwata ta fito, da sunanta a jerin kayan da kowane ma'aji ya karɓa daga na gabansa ya sa hannu. In kuwa daga ƙarƙashin katifar wani aka zaro ta, lauyan ɗaya ɓangaren zai fara da tambayar yadda aka yi ta je can.